Ƴar majaujawa a ajin lissafi

A wannan mako na ajiye zancen siyasa da na tsadar hatsi, zan ba ku labarin wani ɗan abu na katako da roba wanda tsawonsa bai kai kamu guda ba. Na san wani Alhajin zai ce me ya haɗa babban mutum da abin wasan yara, wani ma'aikacin kuma ya juya shafi ya koma ga faransanci. Ina roƙonku ku yi mini haƙuri har ƙarshe, domin abin da na gani a wannan ɗan katako ya shafi tiyar kasuwa, ya shafi rahoton ma'aikata, ya kuma shafi alƙalamin da nake rubuta muku wannan da shi.

Ina da ƙane malamin lissafi, ɗan kwantaragi, a wani koleji na ƙauye a ƙasar Dungas. Mu ƴan Magariya ne, kuma har yau bakinmu bai saba da raba biyun ba, ko da yake tun 2011 aka yanke Dungas daga Magariya aka mai da ita gunduma mai zaman kanta, da Gushi da Malawa da Dogo-Dogo a cikinta. A watan Janairu na 2024 na je gida gaida mahaifiyarmu, sai na ce bari in ƙarasa in ga inda yaron nan yake shaƙar alli. Ɗan kabu-kabu ya kai ni, bayan mun sauka sau biyu mun tura moto cikin rairayi. Ajin da na tarar rumfa ce ta zana, yara 68 a ciki, waɗansu a kan benci, waɗansu a ƙasa. Kayan aikin malam su ne allo, da alli, da sandar awo guda ɗaya wadda lambobinta suka fara gogewa.

Da dare, bayan mun ci tuwo, ya jawo takardun jarrabawar yaran ya haska mini da tocila. Ya ce: "Yaya, dubi wannan." Tambayar mai sauƙi ce: an ba da lambobi biyar, an ce a fitar da matsakaicinsu, abin da muke kira mwayan a lakwal. Yaron ya haɗa, ya raba, ya samu amsar da ta fi kowace ɗaya daga cikin lambobin biyar girma, ya ja mata layi biyu a ƙasa, hankalinsa kwance. Da na duba sunan sai na ga taubashina ne, ɗan kawunmu mai fataucin tumaki, yaron da tun yana ɗan shekara goma yake juya naira zuwa sefa da ka, kafin babba ya gama lalubo kalkuleta a aljihu. Abin da ya samu a lissafi 4 ne bisa 20, kuma Kawu ya riga ya aiko cewa idan haka abin yake, a sallamo masa ɗansa ya bi shi kasuwa.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan yaro shi kaɗai ne. A 2014 an yi binciken da ake kira PASEC a ƙasashe 10 na Afirka masu aiki da faransanci, aka gwada yaran da ke ƙarshen firamare. A Nijar, waɗanda suka kai matakin da ake buƙata a lissafi ba su cika 8 cikin 100 ba. Da aka sake binciken a 2019 an samu ci gaba, sun ɗan haura 20 cikin 100, to amma wannan na nufin a kowane yara biyar, wajen huɗu suna shiga koleji da rami a ƙarƙashin ƙafarsu. Ƙanena ya ce abin da ya fi ci masa rai shi ne yaran ba dolaye ba ne. Sun ɗauki lambar aji a matsayin wata aba dabam da lambar duniya: ta kasuwa tana da nauyi, ana iya cutuwa da ita, ta aji kuwa magana ce da ake mayar wa Mushe don a tsira daga bulala.

Wannan magana ta taɓa ni, domin ni ma haka na yi karatu. Ina yaro a Magariya babu wanda ya fi ni iya danƙo a unguwarmu, kuma da kaka, idan gero ya fara nuna, mu ake turawa gona da majaujawa mu kori tsuntsaye. Hannuna ya san cewa in ka miƙe jifa da yawa dutse zai faɗi kusa, in ka ɗaga shi sama da yawa nan ma zai faɗi kusa, akwai wani tsakani da yake kai shi can nesa. Shekaru bayan haka, a lise a Damagaram, aka zana mana wani lanƙwasasshen layi a allo aka ce sunansa parabol, aka ba mu ƙa'idarsa muka haddace, na kuma ci jarrabawa da ita. Wallahi ban taɓa kawowa a raina cewa wannan layin shi ne hanyar da dutsen majaujawata yake bi ba, sai da na haura shekara talatin. A ranakun gwaji kuwa, da yake kayan aiki ba su wadata ba, sai mu ɗauko sakamakon da ke cikin littafi mu kwafe, mu ɗan canza lamba ɗaya don kada abin ya yi kyau da yawa. Mun koyi yadda ake sa lamba ta yi kama da gaskiya tun kafin mu koyi yadda ake samo ta.

Ƙanena ne ya kawo shawarar. Wani tsohon malami da ya samu horo a shirin SMASSE, wanda Nijar ta fara a 2006 tare da hukumar JICA ta Japan bisa misalin wanda aka yi a Kenya, ya taɓa gaya masa cewa ginshiƙin shirin shi ne malami ya ƙera kayan koyarwa da abin da ke kusa da shi, ya bar yaro ya taɓa da hannunsa. Ya ce: "Yaya, kai da kake gwanin danƙo, me zai hana mu yi musu ƴar majaujawa ta tebur, su yi jifa, su auna, su fitar da mwayan da kansu?" Na yi dariya tukuna, daga baya na ga ba da wasa yake ba. Washegari ranar hutu ce, muka tafi wurin kafintan garin.

Ga yadda muka yi ta, ko wani malami ko uba zai so ya gwada. Gindinta guntun katako ne na tsohon akwati, tsawo santimetir 30. A gefe biyu, wajen gaba, aka kafa ƴan sanduna biyu a tsaye, aka gicciya ta uku a samansu, ita ce take tare hannun majaujawar. Hannun kuwa siririn itace ne na santimetir 25, an huda gindinsa an zura doguwar ƙusa wadda yake juyawa a kanta, a bakinsa kuma an kafe marfin gorar ruwa ya zama ɗan kofi. Mai gyaran keke ya ba mu tsohuwar robar cikin taya, muka yanka siriri, muka ɗaure ta a jikin hannun, santimetir 5 daga ƙusar, ɗaya bakin kuma a sandar gicciye. Idan ka jawo hannun baya har ya kwanta ka saki, robar za ta fizge shi, ya bugi sandar ya tsaya cak, abin da ke cikin kofin ya wuce gaba. Da yake kofin ya fi wurin ɗaurin robar nisa daga ƙusa sau biyar, gudunsa ma ya ninka sau biyar. Guda shida muka yi, kuma duk abin da ya fita daga aljihunmu, da ƙusoshi da goron kafinta, jika ɗaya da rabi ne.

Abin jifa ya ɗan ba mu wahala. Dutse dai ba ma shawara ba ce, saboda idon yara. Muka fara da ƴaƴan magarya, tunda ɗan Magariya ba ya rasa su, sai muka ga wata ta fi wata nauyi, jifar ba ta daidaita. A ƙarshe muka kwaɓa yumɓu, muna cika marfin kwalbar lemo da shi mu shafe baki, mu mulmula, mu shanya a rana. Ta haka kowace ƙwallo ta fito daga mudu ɗaya.

Muna cikin aikin wani dattijo mai garka ya tsaya yana kallonmu, can ya ce: "Ai wannan jigo ne kuka mai da shi ɗan ƙarami." Gaskiya ya faɗa, har ma ta fi yadda ya zata. Duk wanda ya san garake na kwarin Korama kafin injin ban ruwa ya yawaita ya san jigo: doguwar sanda a bisa gwafa, guga a dogon ɓangare, curin laka a gajeren. Waɗansu daga cikin manyan majaujawan yaƙi na zamanin da, waɗanda Larabawa ke kira manjaniƙ, jigo ne sak: nauyi a gajeren hannu, dutse a dogon, a saki nauyin ya faɗi, dutsen ya tashi ya faɗa wa ganuwa. Malaman tarihi sun ambaci manjaniƙ a kewaye Ɗa'ifa a shekara ta 8 bayan Hijira. Da albarushi ya zo sai igwa ta gaje ta, kuma mu nan ba baƙin igwa ba ne, domin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya sa an ƙera igwa a cikin birninsa. Tambayar da kowane mai harba igwa ke yi ita ce wadda nake yi ina yaro a gonar gero: yaya zan ɗaga bakin don abin ya kai inda nake so? Wani masani ɗan Italiya, Galile, shi ya warware ta da lissafi a littafin da aka buga masa a 1638. Ya nuna cewa in ba a lissafa iska ba, abin da aka jefa yana bin parabol, jifar da ta fi nisa ita ce ta digiri 45, kuma kusurwa biyu da suka yi wa 45 tazara ɗaya, kamar 30 da 60, wuri ɗaya suke sauka.

Ran Litinin muka shiga aji. Ƙanena ya raba yaran rukuni shida, ya ja layi a ƙasa, ya kafa doka cewa ba mai tsayawa gaban majaujawa. A kowane rukuni akwai mai danne gindi, da mai ja, da mai sa ido inda ƙwallo ta sauka, da masu awo, da mai rubutu, kuma ana karɓa-karɓa. A nan rairayi ya yi mana rana, domin duk inda ƙwallon ta faɗi sai ta bar ɗan gurbi, ba gardama. Da farko ya bar su su auna da taki. Jifa ɗaya, wani dogon yaro ya ce taki huɗu, wata ƴar ƙaramar yarinya ta ce shida, musu ya kaure. Ya ƙyale su har suka gaji, sannan wani daga baya ya ce: "Mushe, ai sai a samu abu ɗaya da kowa zai auna da shi." Sai a lokacin ya fito da igiyoyin da muka yi wa alama da mitar tela. Ni da na yi shekaru ina haddace cewa metir ɗaya santimetir 100 ne, ban taɓa ganin an bar yara sun ji ƙishirwar ma'auni kafin a miƙa musu shi ba.

Aka ce kowane rukuni ya yi jifa biyar, ya rubuta nisan kowace. Kafin a fara, ƙanena ya yi kuskure ɗaya wanda ya zama alheri: ya ce a gwajin da muka yi a gida abin yana kai wajen metir uku. Da aka gama, masu rubutu suka fito allo ɗaya bayan ɗaya. Rukunin taubashina suka rubuta 288, 301, 295, 310, 286. Waɗansu rukunai uku ma lambobinsu sun warwatsu kamar haka. Sai rukuni na biyar, yaronsu ya fito da ƙarfin gwiwa ya rubuta 300 har sau biyar, ya koma ya zauna yana jiran yabo.

Na dubi ƙanena, na ga ya yi shiru. Bai ɗauki bulala ba, bai kuma ce ƙarya suke yi ba. Ya ce su kawo majaujawarsu gaban aji su sake jifa, tunda tasu ta fi ta kowa kyau, kowa ya gani ya koya. Jifar farko 279, ta biyu 292. Aji ya fashe da dariya, shi kuwa ya tsawatar. Ya tambayi yaron a hankali, da hausa, me ya faru. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce: "Mushe, kai ka ce metir uku." Ashe sun yi jifar, sun auna, sun rubuta abin da suka gani, sannan da suka ga bai dace da maganar malam ba sai suka goge suka sa tasa. Ba ƙyuya ce ta sa su ba, aikin ma sau biyu suka yi. Tsoro ne, da kuma imanin cewa amsar gaskiya tana bakin babba, idonsu kuwa ba abin dogaro ba ne.

Rukuni na shida yarinya ce mai rubutunsu. Lambobinta huɗu suna kusa da 290, ɗaya kuwa 212 ce, kuma na ga wurin ya yi duhu a takardarta, alamar ta sa hannu za ta goge ta fasa. Ƴan rukuninta suna ta yi mata raɗa cewa ta ɓata musu aiki. Ƙanena ya tambaye ta don me ta bar ta. Ta ce: "Mushe, nan ta faɗi." Ya sa aka nemo ƙwallon da aka yi wannan jifar da ita, aka tarar lafiyarta lau. Aka tambayi mai ja, ya amsa cewa hannun ya kuɓuce masa kafin ya kai ƙasa. Sai malam ya ce wa aji: wannan lambar ba za a goge ta ba, za a rubuta dalilinta a gefenta, a sake jifa ɗaya a madadinta. Lambar da ta fita daga sahu ita ce ta tona cewa akwai hannun da bai ja daidai ba, da an shafe ta da ba wanda zai sani. Ya ce a bar duk lambobin a allo har gobe.

Washegari aka shiga zancen kusurwa. Tun a wurin ƙira mun so mu riƙa matsar da sandar gicciye don canza yadda ƙwallo ke tashi, kafinta ya ce: "Malam, in ka matsar da sandar ai ka taɓa ƙarfin robar, ba za ka san wanne ya yi aikin ba." Wannan mutum bai taɓa zama a benci ba, amma ya faɗi babbar dokar gwaji, wato a canza abu ɗaya a bar sauran yadda suke. Don haka muka kafe sandar inda ƙwallo ke fita a digiri 30, in ana son 45 ko 60 sai a ɗaga gaban katakon da guntun bulo, a duba da ma'aunin kusurwa na kwali da zare mai ɗan dutse, irin na magina. Kafin jifa aka sa kowa ya faɗi zatonsa. Mafi yawa suka ce 60 za ta fi nisa, tunda ta fi yawa. Masu kiwo da masu korar tsuntsu suka ce ta tsakiya. Aka sake jifa biyar-biyar. A rukunin taubashina matsakaicin digiri 30 ya ba da 262, na 60 ya ba da 249. Na 45 kuwa, da shi aka yi jifar jiya, lambobinsa na nan a allo ba a fitar da matsakaicinsu ba tukuna.

Ana cikin haka sai ga Kawu. A wannan lokaci iyakar Najeriya a rufe take, tun watan Agusta na 2023, ba a kuma buɗe ta ba sai a watan Maris na 2024, saboda haka mutumin da ya saba kowace Alhamis yana kasuwar Maigatari ya samu kansa zaune a gida, ga lokaci ga ɓacin rai. Labari ya kai masa cewa ana harbe-harbe a lakwal. Ya yi sallama ya tsaya a bakin rumfa ya ce: "Malam, ni na turo yaro ya koyi boko, ashe harbin tsuntsu kuke koya masa? Wannan ai ya iya tun a gida." Ƙanena ya russuna ya gaishe shi, ya ba shi kujerarsa, sannan ya nuna masa lambobin nan biyar na rukunin ɗansa. Ya ce: "Kawu, in wani ya tambaye ka nisan jifar wannan abu, wacce za ka faɗa masa a cikin biyar ɗin nan?"

Kawu ya sa aka karanta masa su da hausa. Ya ɗan rufe ido, leɓensa na motsi, ya ce: "Dubu da ɗari huɗu da tamanin. A raba biyar, ɗari uku ba huɗu." Yaran da ke fama da alli a kan ƙananan allunansu suka ɗago kai, domin 296 ɗin ce suke nema. Ya ce ai wannan ba wani abu ba ne, haka yake yi in ya sayi raguna biyar kuɗi dabam-dabam yana son ya san nawa kowane ya kama masa. Ƙanena ya ce to wannan ita ce mwayan, kuma a kanta ɗansa ya faɗi jarrabawa. Ya gaya masa amsar da yaron ya bayar. Kawu ya juya ga ɗansa ya ce: "Kai, raguna biyar, mafi tsadarsu jika sittin, ta yaya kowane zai kama jika tasa'in?" Yaron ya buɗe baki ya rufe. Na ga lokacin da abin ya faɗa masa, kamar wanda ya daɗe yana gaida wani baƙo da faransanci, sai yau ya gane ɗan unguwarsu ne.

Kafin ya tashi idonsa ya kai kan 300 ɗin nan guda biyar, ya tambaya aka ba shi labari. Ya yi murmushi ya ce: "Duk wanda ya ce maka ya sayi raguna biyar a kasuwa biyar kuɗi ɗaya, ko an cuce shi, ko kai zai cuta." Sannan ya yi sallama ya tafi, bai ce komai game da sallamar yaron ba.

Saura bambancin da ke tsakanin littafi da rairayi. Bisa lissafin Galile, idan 45 ta ba da 296, to 30 da 60 ya kamata kowace ta ba da wajen 256. Mu kuwa mun samu 262 da 249. Wani yaro ya tambaya ko littafin ne ya yi ƙarya. Ƙanena ya sa su neman dalili, suka kuwa samo biyu: ƙwallonmu ba daga ƙasa take tashi ba, daga wajen taƙi guda sama da ƙasa ne, wannan kuwa yana taimakon miƙaƙƙiyar jifa, ta 60 kuma ta fi daɗewa a sama, iskar hunturu da ke ratsa zana ta fi samun damar taɓa ta. Littafi ya faɗi abin da zai faru in babu iska, su kuma sun auna abin da ya faru a ƙasar Dungas a cikin hunturu. Duk wannan muhawara da hausa aka yi ta, sannan aka rubuta sakamakon da faransanci a kaye. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da hausa a Damagaram, a watan Maris na 2025 kuma aka ayyana hausa harshen ƙasa, amma abin da na gani a rumfar nan shi ne yaro ba ya musu da harshen da yake tsoro, lissafi kuwa sai da musu.

A kan hanyar komawa yaron nan mai 300 biyar ya tsaya mini a rai, domin na san shi: ni ne. Ba a lise kaɗai ba. A farkon aikina na jarida an aike ni wani taro, na ƙirga kujeru da idona ba su kai 1.500 ba, waɗansu ma babu kowa a kansu, masu taron suka ce mutum 5.000 suka zo, na rubuta tasu na bar tawa, don kada a ce yaro ya cika kawo matsala. Ba wanda ya kama ni. Ina kuma tambayar ƴan uwana ma'aikata, tsakani da Allah: sau nawa rahoto yake tashi daga ƙauye zuwa gunduma, daga gunduma zuwa jaha, daga jaha zuwa Yamai, kowane tebur yana ɗan shafa masa mai, har ya isa yana 300 sau biyar? Da irin waɗannan lambobi ake raba hatsin agaji, da su ake turo malamai da magani. Idan an goge 212 a hanya, garin da ke bayanta shi ake mantawa. Ƴan kasuwa kuma sun fi ni sanin abin da tiya mai bugaggen gindi take yi wa amana, da abin da addini ya ce game da mai tauye mudu.

Ba na cewa guntun katako zai gyara makarantunmu. Ba zai biya ɗan kwantaragi albashinsa a kan lokaci ba, ba zai rage yara 68 su koma 40 ba, kuma kada yabon da na yi wa rairayi ya sa a ɗauka ina yabon ajin zana, alhali ba mu manta da gobarar Maraɗi ta watan Nuwamba na 2021 ba, wadda ta ci yara fiye da 20 a irin waɗannan azuzuwa. Darasin ma ya ci kwana biyu a inda tsarin karatu ya ba shi awa ɗaya, ƙanena sai da ya yi gudu daga baya don ya cike. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Alhajin da ke da tsofaffin akwatuna a bayan shago ya aika da su makarantar garinsu, ya haɗa da mitar awo ko biyu. Masu duba malamai, in sun tarar da aji a tsugune ana awo, kada su rubuta cewa malam yana wasa. Iyaye kuma su leƙa, kamar yadda Kawu ya leƙa, ko da faɗa ne ya kawo su, domin lissafin da ke kansu ya fi ƙarfin a bar shi a bakin ƙofar lakwal.

Kawu bai janye ɗansa ba. Da shekarar karatu ta ƙare na buga wa ƙanena waya na tambaye shi. Ya ce majaujawa biyu sun karye, robar sauran ta saki, yana neman wata. Yarinyar nan mai 212 ita yanzu ake ba rubutun rukuni ba gardama. Taubashina kuwa ya tashi daga 4 ya koma 7 bisa 20. Na so ƙwarai in rubuta muku 12, labarin zai fi daɗi, kuma babu mai zuwa ƙauyen ya bincika. Amma 7 ya samu, bai kai mwayan ba tukuna, ya dai daina ba da amsar da ta fi raguna tsada. Allah ya ba yaranmu ilimi mai amfani, ya ba mu ikon rubuta abin da muka gani. Sai wani makon, in Allah ya kai mu.